Tabon da Ya Fi Mai Cizon Daɗewa

A rediyo na fara jin kalmar. Mai karanta labarai ya ce masana sun tono "burbushin halittu" a hamadar Nijar, can wajen Agadas, ƙasusuwan wata dabba da sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga guda. Na yi dariya ni kaɗai. A gidan da na tashi, burbushi shi ne abin da ke zuba a tabarma idan yaro ya gama cin ƙuli-ƙuli, a kaɗe wa kaji a tsakar gida. Ina ƙashin da ya gagari ƙarti, ina abincin 'yan tsaki?

Su ma Turawan da aka fassaro kalmar daga bakinsu ba su da bakin yi mana dariya. Tasu daga Latin ta fito, ma'anarta kuwa "abin da aka haƙo", shi ke nan. Lokacin da Bajamushen nan Georgius Agricola ya yi rubutu a kan albarkatun cikin ƙasa a 1546, gishiri da tama da duwatsun ado duk a ƙarƙashin wannan suna ya zuba su. Sai daga baya kalmar ta tsuke, ta tsaya kan sauran abin da ya taɓa rayuwa. Tasu tana faɗin yadda abin ya zo hannu, tamu kuwa cewa take an ci an rage. Na daɗe ina ganin tamu ce ta fi kauce wa hanya, har ranar da na bar ƙashi na koma kan ganye.

Ganye ba shi da ƙashi, ba shi da ɓawo. Ƙa'idarsa ya faɗo akuya ta ɗauke, in ta raina gara ta ƙarasa, in gara ba ta zo ba ya ruɓe kafin damina ta fita. Wanda ke tsira shi ne wanda ya faɗa ruwa mai kwanciya, tafki ko fadama, laka mai laushi ko tokar dutse mai aman wuta ta lulluɓe shi da wuri, iska ta daina isa gare shi. Laka ta hau kan laka, nauyi ya danne, a kwana a tashi ta zama dutse. Wani ganyen yana nan, ya koma siririn baƙin shafe kamar an goga gawayi. Wani kuwa ya tafi ɗungurungum, ya bar gurbinsa da jijiyoyi daram. Mai tono yakan sa bakin guduma a gefen dutsen ya ƙwanƙwasa, dutsen ya buɗe gida biyu, ganye a dama, hotonsa a hagu. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure ya san warƙa, fallen littafi guda. A Larabcin da muka aro ta, ganyen itace da fallen takarda sunansu ɗaya.

A wani ƙauye da ake kira Clarkia, a jihar Idaho ta Amurka, a 1972, wani mutum yana gyaran filin tsere da katafila sai ya yaye gefen tudu, ya ci karo da kwancen wani tsohon tafki mai kimanin shekara miliyan 16. Narkakken dutse ne ya datse kogi ya yi tafkin, ƙasansa ga sanyi ga rashin iska, don haka abin da ya nutse bai ruɓe ba. Har yau idan aka tsaga lakar da wuƙa akan ga ganye da launinsa, wani kore, wani ja irin na mai shirin kaɗewa. Kafin ka kira na kusa da kai ya zo ya gani, iska ta taɓa shi, ya yi baƙi.

Da masana suka zo raɗa wa waɗannan ganyaye da sassansu suna, a jikin mutum suka yi ta aro, kuma kusan duk daga cikin baki.

A 1828 Bafaranshe Adolphe Brongniart ya sa wa wani ganyen dutse suna Glossopteris. Rabin farko na sunan "harshe" ne da Girkanci, don ganyen dogo ne mai faɗin tsakiya, jijiya guda ta ratsa shi, sak harshen saniya. Bahaushe da ya ji haka zai gyara zama, domin a wurinmu harshe ba tsoka ba ce kawai, shi ne yaren, shi ne maganar. Wannan harshen kuwa ya yi magana. An same shi a Indiya, an same shi a Afirka ta Kudu, da Ostireliya, da Kudancin Amurka, duk a duwatsun da suka haura shekara miliyan 250. Itacen da irinsa ba ya ƙetare teku, me ya kai shi nahiya huɗu? A Fabrairun 1912 ayarin Kyaftin Robert Scott na kan hanyar dawowa daga ƙuryar kudancin duniya, an riga su isa, yunwa da sanyi sun sa su gaba, suka tsaya a gindin wani tsauni kusa da kogin ƙanƙara na Beardmore suka tsinci duwatsu. Cikin su biyar ba wanda ya koma gida. Da aka gano tantinsu a watan Nuwamba, sai ga duwatsun nan, kilo 16, sun ja su har inda ƙarfi ya ƙare. Harshen yana ciki. Ashe daji ya taɓa tsayawa a inda yau ko ciyawa ba ta fita, ashe nahiyoyin nan a da ƙasa ɗaya ce. Akwai masu cewa wauta ce mai mutuwa da yunwa ya ja dutse. Ni dai bakina ya yi nauyin faɗin haka.

Bayan harshe sai haƙori. Fita tsakar gida ka tsinko ganyen mangwaro, da na gwaiba, da na tsamiya, da na ɗorawa, ka shafa gefensu. Sumul. Yanzu tsinko na darbejiya: zarto ne. A 1915 wasu masana tsirrai biyu na jami'ar Harvard, Irving Bailey da Edmund Sinnott, suka lura cewa a ƙasashen zafi akasarin itatuwa gefen ganyensu sumul yake, a ƙasashen sanyi kuwa masu haƙora ne suka yi rinjaye. A 1979 Jack Wolfe ya mayar da wannan lura lissafi, bayan ya ƙidaya itatuwan dazuzzukan gabashin Asiya: duk ƙarin kusan kashi 3 cikin 100 na masu sumul, ƙarin digiri 1 ne a matsakaicin zafin shekara. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne haƙoran su ke fara aiki tun ganye na jariri, suna jan ruwa suna haɗa abinci, wanda kuwa lokacin girmansa gajere ne dole ya yi sammako. Ke nan idan ka tara iri 30 daga shimfiɗar dutse ɗaya ka ƙidaya masu haƙori, ka san ko mazauna wurin sun sha zufa ko sun sha ɗari.

Darbejiya fa, ga ta a tsakiyar zafin Maiduguri da haƙoranta? Wani zai ce ai baƙuwa ce, daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa. To magarya 'yar gida ce, ita ma in ka duba da kyau tana da 'yan ƙananan nata. Abin ƙuri'a ne, ba a yanke hukunci da itace ɗaya. Akwai ma matsalar da ta fi wannan: itatuwan bakin ruwa sun fi na tudu yawan haƙora, su ne kuma ganyensu ke faɗawa laka. Wato shaidun da suka samu isa gaban alƙali yawancinsu 'yan unguwa ɗaya ne, sai an yi hattara da abin da suka faɗa.

Girman ganye kuma labarin ruwan sama yake bayarwa. Wannan ba sai an je jami'a ba. Wanda ya taɓa kwance huhun goro ya ga faffaɗan ganyen kurmi, ya kuma dubi na bagaruwa da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya gama karatun. Da irin wannan awo aka gane cewa a yankin Singida na Tanzaniya, shekara miliyan 46 da suka wuce, ba kurmi ba ne a gefen tafkin Mahenge, dajin rani ne na itatuwa dangin wake.

Sai bakin kansa. A bayan kusan kowane ganye akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, dubbai a wurin da bai fi farce ba, sunan da masana suka ba su kuwa "baki" ne da Girkanci. Ta nan ganye ke shaƙar iskar kabon da yake haɗa abinci da ita, ta nan kuma ruwansa ke tsiyayewa. Duk buɗe baki da asararsa. A 1987 Ian Woodward ya ɗauko busassun ganyayen da aka adana a Ingila tun shekara 200 baya, ya gwada da na zamaninsa, ya tarar bakunan sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100, daidai lokacin da hayaƙin masana'antu ya ƙara kabon a iska. Yawan baki alamar yunwa ce, a ganye ma. Akwai wani itace, ginkgo, mai ganye kamar mafici, da ake shukawa a titunan Sin da Japan da Amurka, wanda ake samun ganyen kakanninsa a dutse kusan ba bambanci. Masana na cibiyar Smithsonian sun yi rainon irinsa cikin rumfunan leda a jihar Maryland, suna hura musu kabon gwargwado daban-daban, don su san baki nawa ke nufin iska nawa. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Amma duk wannan shimfiɗa ce. Abin da ya sulhunta ni da burbushi shi ne ci.

Ba na jin akwai kalmar da Hausa ta ɗora wa kaya kamar wannan 'yar gaɓa ɗaya. A ci tuwo, a ci kasuwa, a ci bashi, a ci amana, a ci sarauta, a ci jarrabawa. Wuta ta ci gida, kogi ya ci mutum, tafiya ta ci kwana uku. Amma da zarar an zo kan cin baki na ainihi, sai harshen ya koma mai tsantseni: gutsura daban, gwigwiya daban, tsotsa daban, rarake daban, kankara daban. Manomin da ya shiga gonar wake da safe ba sai ya kama ƙwaron ba, da ganin ganye ya san wanda ya kwana a wurin.

Wannan ilmin manomin ne Conrad Labandeira na Smithsonian da abokan aikinsa Peter Wilf da Kirk Johnson suka kai kan dutse. A 2007 sun fitar da jagora mai salon ci iri 150, kowane da lambarsa. Su lamba suka sa, mu da aikatau muke da su. Akwai mai huda tsakiya. Akwai mai gutsurar gefe ya bar shi kamar jinjirin wata. Akwai mai cinye tsoka ya bar jijiyoyi kamar rariya, da mai kankare fatar sama kawai, da mai soka tsinken baki ya tsotse ruwa ya bar ɗigo. Akwai mai sa wa ganye ƙwai ya tilasta masa kumbura, ya gina wa 'ya'yansa ɗaki da abinci a ciki, irin ƙullutun nan da ake gani a jikin sabara. Ƙwaro jikinsa ba ya jure zamani, da wuya a same shi tare da abincinsa. Abin da ya rage shi ne siffar abin da ya ɗauke.

Yaya za a bambance cizon ƙwaro da yagewar da ganye ya yi bayan ya faɗi? Da tabo. Ganye mai rai idan an cije shi yakan ɗinke bakin ciwon da wata tsoka mai kauri, mai duhu, wannan zoben kuwa yana fitowa a dutse. Gawa takan yi rauni, amma ba ta tabo.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne mai rarake. Tsutsa ce 'yar mitsitsiya da ke shiga tsakanin fatar sama da ta ƙasa ta ganye, ta zauna a can tana ci tana gaba. Manoman tumatir na Kano da Kaduna ba sa buƙatar a gabatar musu da ita: a 2016 wata irinta da suka raɗa wa suna Sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A ganyen lemo ma akan ga aikin wata, farin layi mai karkace-karkace. Bi layin da ido. Yana farawa siriri kamar zare inda ƙwai ya fashe, yana faɗi yadda tsutsar ke girma, da kashinta jere a tsakiya, ya ƙare a wani ɗan ɗaki inda ta fita. Ƙuruciyar wata halitta ke nan daga haihuwa zuwa balaga. Irin waɗannan, ba kamar fara ba da duk abin da ta samu nata ne, yawanci gida ɗaya suke ci. Itacensu ya mutu, sun mutu.

Shekara miliyan 66 da suka wuce wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sama a gaɓar Yukatan ta Meziko. Kowa ya ji labarin manyan dabbobin da suka ƙare. Labandeira da Johnson da Wilf sun duba ganye fiye da 13,000 daga Dakota ta Arewa, na ƙasan shimfiɗar wannan rana da na samanta. Na ƙasa sun sha ci iri-iri, ga rarake ga ƙullutu. Na sama kuwa, bayan fiye da rabin nau'o'in tsirran sun ɓace, yawancin masu cin gida ɗaya sun bi su. Ganyayen suka fito da ɗan dama-dama, ba yawan zane, ba yawan kumburi.

A nan ne kalmomina suka rikice. Mu "ɓarna" muke ce wa aikin ƙwaro, Turawan masana ma haka suka kira shi a jagoransu. Ganyen da ba a taɓa ba kuwa shi ne "lafiyayye". Amma a wannan dutsen lafiyayyen ganye shi ne takardar sanarwar rasuwa. Ba a ci shi ba don babu mai ci. Na tuna wata gwaggota da in ta je sayen alayyahu takan ture damin da ya yi shar ba ko huda, ta ɗauki wanda tsutsa ta ɗan taɓa. Takan ce, "Ɗan nan, abin da tsutsa ta ƙi, ni ma ban yarda da shi ba." Feshi take nufi, amma maganar ta fi inda ta jefa ta nisa.

Farfaɗowar ma ba a jere ta zo ba. A Castle Rock ta jihar Kolorado, a gefen babbar hanya kudu da Denver, an tono wani kurmi da ya tsaya kimanin shekara miliyan 2 bayan masifar, itatuwa fiye da iri 100, amma cin ƙwari kaɗan: ga tuwo ba maciya. A wani wuri a Montana mai kusan shekaru ɗaya da shi, itatuwan ba su kai iri 20 ba, amma masu rarake iri-iri sun yi musu caa: ga maciya ba tuwo. Sai da aka ɗauki kimanin shekara miliyan 9 kafin cin ya koma yadda yake a yammacin Amurka ta Arewa. A Patagoniya ta Ajantina, nesa da inda dutsen ya faɗi, miliyan 4 suka isa.

Kada kuma a ɗauka yawan ci kullum alheri ne. Shekara miliyan 56 baya, kabon mai yawan gaske ya kwararo cikin iska, duniya ta ƙara zafi da digiri 5 ko fiye, abin bai lafa ba sai bayan kusan shekara 200,000. Ba da daɗewa ba kafin nan teku ne kwance a ƙasar Sakkwato, shi ya sa farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina don siminti take cike da ɓawon halittun ruwa. Scott Wing ya shafe fiye da shekara 10 yana yawo a tsandaurin Bighorn na jihar Wyoming kafin ya dace da ganyen wannan zamani. Da ya same su, sai ga haƙora sun ragu, ganye ya ƙanƙance, itatuwan wurin sun kau, dangin wake daga can kudu sun maye gurbinsu. Ellen Currano ta duba ganye fiye da 5,000 na kafin zafin da lokacinsa da bayansa, ta bayyana a 2008 cewa a tsakiyar zafin fiye da rabin ganyayen an ci su, salon cin ma ya ƙaru. Dalili biyu ake kawowa. Zafi yana gaggauta rayuwar ƙwaro, ya hayayyafa da wuri. Sannan ganyen da ya tashi cikin yalwar kabon yakan yi ƙarancin sinadarin gina jiki, ya zama kamar kunun da aka cika wa ruwa, sai an sha ƙwarya biyu kafin a ji an sha ɗaya. A 2022 ita da abokan aikinta suka tono ganyen zamaninmu daga lakar dazuzzuka uku, biyu a Amurka ɗaya a Kosta Rika, suka auna da ma'aunin da ake auna na dutse. Cin da ake yi wa ganye yau ya zarce na duk zamunnan da suka gwada, har da wancan mai zafin.

Saura cizo ɗaya da na rasa kalmar da zan sa shi a ciki. Kusa da garin Darmstadt na Jamus akwai ramin Messel, tsohuwar mahaƙa da aka so mayarwa juji, aka ceto ta, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. Daga nan aka samo wani ganye mai shekara kusan miliyan 48 da tabo 29 a kan jijiyoyinsa, kowane huda biyu ne, ɗaya a dama da jijiya ɗaya a hagu. Ba a gutsuri komai ba, ba a tsotsi komai ba. A 2010 David Hughes, wanda ya yi aiki a dajin kudancin Tailan, tare da Torsten Wappler da Labandeira, suka bayyana mai wannan aika-aika. Akwai wata fumfuna da ke shiga jikin tururuwar itace ta juya mata hankali. Tururuwar ta bar 'yan uwanta, ta sauko tana tangaɗi, ta hau wani ɗan tsiro kamar taƙi ɗaya daga ƙasa inda laima ta yi wa fumfunar daidai, ta zagaya bayan ganye, da tsakar rana ta kafa wa jijiya baki, ba ta ƙara saki ba. A nan take mutuwa a rataye. Bayan 'yan kwanaki fumfunar ta tsiro ta ƙeyarta kamar ɗan kara, tana zubar da iri a kan masu wucewa a ƙasa.

A Messel ba a ga tururuwar ba, ba a ga fumfunar ba. Ganyen ne kawai, da hudojinsa bibbiyu, kowace da kaurin tsoka kewaye da ita, don yana kan reshensa da rai lokacin da ake ta zuwa ana mutuwa a bayansa.